A Cire Inna Daga Shafin Nan

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sassauta maka wahalar aikin can. Mu nan da sauƙi, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta idan ta daɗe a kan keken ɗinki. Auta ta fara koyon tuƙi, har ta ɓalle wa Kawu madubin mota. Kawu ya ce shi ba zai ce komai ba, amma babu wanda bai ji labarin daga bakinsa ba. Na kira wayarka har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa na ba abokin aikinka wannan takarda hannu da hannu. Don Allah kada ka cusa ta a aljihu ka ce sai ka huta, na san halinka.

Maganar shafin shagon Inna ce. Ka tuna lokacin da ka buɗe mana shi a intanet, ka ce tunda ba mu da ƙarfin biyan talla, dabara ɗaya ce ta rage: a samu wasu shafuka su saka linkinmu a cikin nasu, wato wurin da za a danna a zo shafinmu, domin yawan masu ambaton ka shi ke sa injin bincike ya ɗaga ka sama. To, na yi bakin ƙoƙarina. Ina zaune bayan kanta, tsakanin katifun jarirai da gidajen sauro, ina ta aika wa mutane saƙo kamar mai neman aiki. Wasu suka share ni, wasu suka yanka mini kuɗin da ko keken Inna muka sayar ba zai kai ba. Wadda ta fara kula mu ita ce ungozomar nan mai shafin ba masu jego shawara. Da ƙafarta ta zo, ta danna katifa, ta duba ɗinki ciki da waje, ta koma ta yi rubutu a kanmu ba ta karɓi ko sisi ba. Daga nan wayar shago ta fara ƙara.

Sai Inna ta kafe cewa ita ba a yi mata alheri ta yi shiru. A wurinta linki ziyara ce, wanda ya tako wurinka dole ka taka nasa. Na ce mata a wannan harka ba dole ba ne, ta dube ni sheƙeƙe ta ce ba ita ta yi mini wannan tarbiyya ba. Kai kuma ɗan lelenta, ba ka ɓata lokaci ba ka saka hotonta a shafin farko, ga linkin ungozoma a ƙasa, ga kalaman Inna cewa duk abin da wannan baiwar Allah ta ba ki don jaririnki, ki karɓa ido rufe.

Ka san ungozoma ta rasu tun bara, Allah Ya jiƙanta. Mun je gaisuwa, amma babu wanda ya tuna da shafinta. Ashe 'ya'yanta ba su sabunta rajistarsa ba, wasu da ba mu sani ba suka saye adireshin. Ba su canza komai ba, Yaya. Sunanta na nan, hotonta na nan, har rubutun da ta yi a kanmu. Abin da suka ƙara shi ne maganin tari da na fitar haƙori na jarirai, a kwalabe marasa sunan kamfani. Kuma sun kwafi hoton Inna da kalamanta daga shafinmu, sun liƙa a gefen kwalaben.

Ni duk ban sani ba sai makon jiya, da wata da ta taɓa sayen katifa a wurinmu ta shigo ta ajiye kwalba a kan kanta. Da ta yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. A hankali ta ce daga shafinmu ta bi linkin, don ta ga fuskar Inna ta yarda. Jaririnta yana asibiti, barci yake ta yi ba ya farkawa sosai, likita ya karɓe ɗaya kwalbar. Mijinta bai shigo ba. Yana tsaye a bakin titi, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton allon shago. Shekaranjiya kuma wasu mutum biyu suka zo suna tambayar mai gyaran waya na kusa da mu wa ke kula da shafin, ba su faɗi daga inda suke ba. Wallahi tsoro nake ji, ko mota ce ta tsaya a ƙofar shago sai na leƙa na ga ko su ne.

Na rubuta wa masu shafin su cire hoton Inna. Amsar da suka ba ni ita ce mu zauna lafiya, idan muka cire linkinsu za su cire namu, mu koma can ƙasa inda ba mai ganin mu. Mai gyaran waya ya ce gaskiya ne, linkin ungozoma ne ke riƙe da mu a sama. Ya ce kuma ba zai iya taɓa shafinmu ba sai da kalmar sirri, wadda kai kaɗai ka sani, in ma an nemi sabuwa lambarka za a tura wa. Ban ɓoye wa Inna komai ba, har da cewa ciniki zai iya tsayawa cak. Tun ranar ba ta hau keke ba, tana zaune a ɗakin baya da almakashi a cinya. Jiya ta kira ni ta ce, "Ki ce wa yayanki ya cire ni. Ko da ba wanda zai sake shigowa shagon nan, ya cire ni."

Saboda haka ka nemi inda waya ke kamawa, ko tafiyar yini ce. Ka cire linkin da hoton, in ya gagara ka rufe shafin gaba ɗaya. Kada ka tsaya lissafin wahalar da muka sha a kansa, ni da na sha ta na yafe.

Ka gaida mini matarka da Hajiya Ƙarama da takwaran Baba. Kawu da Gwaggo da Auta duk suna gaishe ka. Ina cikin rubuta takardar nan wata ta kira wayar shago, tana yi wa Inna godiya da ta nuna mata wurin magani. Na ce kada ta kuskura ta ba yaron. Ta ce ai tun safe ta ba shi.

Taka ƙanwa,
Mai Surutun Gidanku