Baba Ya Goge Allo, An Ɗora Wa Judith

Anti Amina, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san wani abu da babu wanda ya sani a ƙungiyarmu, kuma ko na faɗa ko na yi shiru sai wani ya ji ciwo.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar mawaƙa ta wata majami'a a Narayi. Wanda ya kafa ƙungiyar tun ba a haife ni ba shi ne Baba Shekari, tsohon malamin firamare da ke zaune a Makera. Duk wanda ya iya solfa a cikinmu, wato do-re-mi ɗin da muke karanta waƙa da shi, a hannun Baba ya koya, da alli da baƙin allo. Kuma yana da doka ɗaya da ko Fasto bai isa ya karya ba: ba a tashi daga koyon waƙa a bar rubutu a kan allo. A wurinsa, malamin da ya bar allo ya kwana da rubutu ba shi da tarbiyya. Ni kaina na sha ja a kunne a kan wannan ina ƙarama.

To, ciwon gwiwa ya hana shi hawa keke napep zuwa Narayi, kuma tun da matarsa ta rasu ya koma shiru-shiru, sai zaman ƙofar gida. Ga bikin tunawa da kafa ƙungiyarmu yana matsowa, muna so mu rera tsofaffin waƙoƙin da shi ya tsara, waɗanda ba su a rubuce ko'ina sai a kansa. Sai shugabanmu Derrick, da ke aiki a Abuja, ya buɗe mana allo a intanet, irin wanda kowa zai shiga ta wayarsa ya rubuta, ya zana, ya manna 'yan takardu masu launi, saura suna gani nan take. Ya tura linkin da ake dannawa a shiga allon a guruf ɗinmu na waya. Ni na je har Makera na nuna wa Baba yadda zai rubuta da yatsa a kan babbar wayar da 'yarsa ta saya masa.

Anti, da kin ga Baba! Kamar an zuba wa shuka ruwa. Ya dinga rubuta mana solfa murya-murya, yana yi wa masu muryar maza gyara da jan layi, yana yi mana faɗa yadda ya saba. Mu kuma muka jera tsarin bikin a gefe, da sunan wanda zai ja kowace waƙa, da inda kowa zai tsaya. Makonni muka yi muna tara aikin nan.

Ranar Juma'a da safe na buɗe allon, sai na ga fari fat. Ko ɗigo babu. Na ɗauka matsalar sabis ce, na kashe waya na kunna, haka nan. Na zauna a bakin gado riƙe da waya kamar wadda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Kafin in ankara guruf ya kama da wuta.

A nan Judith ta shigo cikin maganar. 'Yar ƙungiyarmu ce, murya gare ta mai daɗi, sai dai ba ta ɓoye fushi. Kwana kaɗan kafin nan ta yi sa-in-sa da Derrick saboda ya ba wata mawaƙiya waƙar da ita ta saba ja, har ta rubuta cewa to mu yi abinmu. Kuma yawancinmu ta linki kawai muke shiga, allon yana nuna mu a matsayin baƙi marasa suna, ita kuwa da sunanta take shiga. Wasu suka ce sun ga sunanta a kan allon ranar Alhamis bayan an tashi daga koyon waƙa. Shi ke nan, aka gama shari'a. Ta rantse, ta yi kuka, ta ce ɓangarenta kawai ta shiga dubawa. Babu wanda ya saurare ta. Gaskiya ni ma a lokacin zuciyata ta karkata can.

Ana cikin haka sai ga kiran Baba, wanda ba ya cikin guruf kuma bai san wainar da ake toyawa ba. Muryarsa cike da murna ya ce, “'Yata, kin ga aikina? Kun tashi kun bar allo kaca-kaca, ba wanda ya tuna dokata. Sai da na lalubo inda dastan goge allon yake da kaina. Na goge muku tas, gobe ku samu fili.”

Wallahi ban san lokacin da na ce masa sannu da aiki ba. Sannu da aiki fa! Shi a tunaninsa kowa ya kwafe darasi a littafinsa kamar yadda muke yi a da, allo kuwa na gogewa ne.

Yanzu kwamiti zai zauna ranar Lahadi bayan sujada don a dakatar da Judith. Mahaifiyarta, da muke gaisawa kullum a kasuwar Kakuri, jiya kau da kai ta yi da ta hango ni. In na faɗi gaskiya, wasu marasa linzami a baki za su kai wa Baba labari cewa shi ya rusa bikin, kuma na san shi: zai ajiye wayar nan ya koma zaman ƙofar gida, ga shi da hawan jini. In na yi shiru, an shafa wa yarinyar mutane kashin kaji ina kallo. Har na yi tunanin in ce intanet ce ta cinye aikin, kowa ya huta. Me zan yi? Kuma waƙoƙin nan sun tafi ke nan?

Taki,
Sakatariya Mai Nauyin Baki, Narayi

Ƙanwata Sakatariya,

Ni ma sai da na riƙe baki da na kai wurin dastan nan. Amma share hawayenki, abin bai kai inda kike tsoro ba.

Mu fara da mai sauƙin. Yawancin irin waɗannan alluna suna ajiye tarihin aikin da aka yi a kansu. Ki kira Derrick yau, tun da shi ya buɗe allon, ya shiga da sunansa ya nemi wurin da ake komawa ga yadda allon yake kafin gogewar. Ki kuma roƙi kowa ya dakata da rubutu a kai har ya gama. Ban yi miki alkawari ba, domin wasu allunan ba sa riƙe tarihi da nisa. In ma bai dawo ba, ki tambayi 'yan ƙungiya, da wuya a rasa waɗanda suka ɗauki hoton ɓangarensu. Sauran kuma yana nan a kan wanda ya rubuta shi da fari.

Batun cewa intanet ce ta cinye, ki cire shi daga ranki. Ƙarya ce, kuma ba za ta wanke Judith ba, za a ci gaba da kallonta a kaikaice ne kawai. Na fahimci tausayin da kike yi wa Baba, kuma tsoronki yana kan hanya. Amma kunyar da zai ji ta kwana biyu ce, sunan da za a ɓata wa Judith kuwa zai bi ta har majami'ar da za ta koma. Ba daidai ba ne ki saya wa dattijo kwanciyar hankali da mutuncin 'yar wani.

Laifin ma, in an duba, ba na Baba ba ne. Kun kira abu allo, kun miƙa wa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana goge allo, kun ba kowa ikon gogewa, ba wanda ya gaya masa cewa wannan allon shi ne littafin ma gaba ɗaya. Ku kuka bar ƙofa a buɗe. Nan gaba kowa ya shiga da sunansa. Masu koyon ɓangarensu a ba su izinin gani kawai, masu rubutu su zama kaɗan. Duk waƙar da aka kammala a kulle ta yadda hannu ba zai motsa ta ba, a kuma sauke kwafinta a ajiye bayan kowane zama. Sannan ku faɗa wa juna da baki abin da ake taɓawa da abin da ba a taɓawa.

Kafin Lahadi, ki sanar da Derrick gaskiya, ki ce a dakatar da zaman kwamitin. Daga nan ki hau keke zuwa Makera, kada ki yi ta waya. Ki zauna, ki gaisa, ki fara da cewa ku ne ba ku yi masa bayani ba, sannan ki gaya masa abin da ya faru da halin da Judith ke ciki. Kina ganin mutumin da ya ja miki kunne a kan allo zai gode miki in ya ji daga baya an kori ɗalibarsa don a rufa masa asiri? Wannan ne zai karya shi, ba gogewar ba. Ki ba shi dama ya wanke ta da bakinsa, su kuma waɗanda suka yanke mata hukunci su ba ta haƙuri a guruf ɗin da suka zarge ta. Ke ma ki ba ta naki, ki kuma bi ta Kakuri ki gaida mahaifiyarta.

Abu na ƙarshe, kada ku karɓe dastan daga hannun Baba. Ku ware masa fili nasa a gefen allon, ku rubuta sunansa a sama, ya koyar a nan, ku kwashe abin da ya rubuta zuwa wurin da aka kulle, shi kuma ya goge nasa tas idan an tashi. Dokarsa ta zauna, aikinku ya tsira.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Baba lafiya. Ina fatan ranar bikin, idan Judith ta ɗaga murya, shi ne zai fara tafa mata.

Anti Amina