Littafin da Ka Aiko Ba Shi da Ƙarshe

Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Mu nan Gumel lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Littafin da ka aiko kana ta yabo, na falken da aka kashe a masauki, ya ja mini rigima. Bayan la'asar nake karanta wa mutane a zaure. Muna isa inda ɗan doka zai faɗi mai laifin, na tarar an yage sauran. Ba ka duba ba?

Baffa Idi ya zo daga Maigatari, ya ji labarin, ya ƙi komawa. Na ƙaga ƙarshe, na ce mai masaukin ne ya yi kisan. Ya ce, "Ƙarya kake, Musa, mutumin kirki ne." Gyaɗarsa tana gona ba a cire ba, matarsa kuma ni take zagi.

Don Allah ka rubuto wanda ya yi kisan. A sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Baffa yana gaishe ka, ya ce yana nan har amsarka ta iso.

Ƙaninka,
Musa