Hotunan da Ke Cikin Durowa

Malam, ka taimake ni, 'yata na shirin barin gidana.

Ni Kirista ne, amma filinka na jarida ba ya wuce ni. Mai ɗaukar hoto ne ni, shekara ashirin ina ce wa mutane su yi murmushi. Matata ta rasu wata bakwai ke nan. Tun ranar ba wanda ya ga hawayena, kuma ina alfahari da haka. Masu zuwa gaisuwa ma ni nake ba su haƙuri. Na koyi girki, ina ƙona shinkafa ina mai da abin wasa, don yarinyar ta yi dariya. Hotunan uwarta kuwa na sauke su daga bangon falo, kada ta riƙa gani tana kuka. Suna cikin durowar shagona. In ba kowa sai in ja labule in fito da su. Yanzu ta gaya wa ƙanwar uwarta wai na zubar da su, wai ban taɓa son uwarta ba. Ta haɗa kaya, ranar Asabar za ta koma can wurinta. Ni da na daure dominta! Ina laifina?

Mai Hoto

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da fuska ke ɓoyewa. Masu karatu, ina gaishe ku.

Ɗana, ka yi namijin ƙoƙari, ban rage maka komai ba. Sai dai 'yarka ba ta ganin zuciyarka. Fuskarka take gani, da bangon da ka bari fayau. Ta ɗauka ita kaɗai aka yi wa mutuwa a gidan.

Annabi Yakubu, wanda labarinsa ke wurinku yake kuma wurinmu, ya yi kukan ɗansa a gaban iyalinsa, ba a kuwa cire shi daga cikin masu haƙuri ba. Haƙuri shi ne kame harshe daga zargin Ubangiji, ba ƙafar da idanu ba.

Kada ka jira Asabar, kada kuma ka yi dogon bayani. Kai ta shagon gobe, ka miƙa mata makullin durowar ta buɗe da hannunta. In hawaye suka zo, kada ka ja labule. Ita za ta zaɓi hoton da zai fara komawa bango, kai kuma ka riƙe mata ƙusa.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya bar maka 'yarka a gida, Ya yi mata albarka. Amin.