Ta Maƙogwaro ko ta Ƙeya

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara.

Kin tuna na ce miki almakashi yana suɓuce mini a shagon aski? Ashe ba tsufa ba ne. Likita ya duba hoto, ya ce wata jijiya ce a wuyana ta zama ƙashi, tana danne laka. Shi ya sa yatsuna suka mutu, nake kuma jan ƙafa.

Aikin iri biyu ne. Ko ya shiga ta gefen maƙogwaro ya cire ƙashin, wanda ya fi haɗari, murya ma tana iya dishewa. Ko ya shiga ta ƙeya ya buɗe wa lakar wuri, ya bar ƙashin. Wannan ya fi sauƙi, sai dai nawa ƙashin ya yi kauri, ba lallai hannun ya dawo sosai ba. Matata ta ce a yi na gaban, ko gida ya huta da surutu.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ban yi dariya ba, ka gaya wa matar taka. Ni na goya ka, ba zan ji ana maganar wuƙa kusa da maƙogwaronka in yi shiru ba. Ka zaɓi mai sauƙin. In hannu bai dawo ba, sai ka zauna a bakin shago kana ba da umarni, da ma shi ka fi iyawa. Amma ka koma ka tambayi likitan: da ɗan'uwansa ne, wanne zai yi masa?

Allah ya ba ka lafiya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun da na yi. Na tambaye shi kamar yadda kika ce. Ya ce, "Da ƙashin siriri ne, da ta ƙeya zan bi, hankalina kwance. Naka ya cinye fiye da rabin hanyar lakar. Da ɗan'uwana ne, ta gaba zan yi masa." Kin ga ke kika yanke hukuncin.

An yi, an gama lafiya. Haɗiyar ruwa ma da farko sai da dabara, muryata kuwa kamar ta ƙofar da ta yi tsatsa. Jiya na saka maɓallin rigata da kaina. Matata ta juya wai tana gyara labule, amma na ga tana share ido.

Naki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na koma shago, muryar ma ta fara washewa. Yau likitan ya shigo, ya zauna a kujerata, ya ce a gyara masa gemu. Na ɗora aska a wuyansa. Ya lumshe ido, har gyangyaɗi ya yi.

Ki gaida yara.
Auta