Wa Ya Ɗinka Rigar Auta?

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da jirgin ruwan nan naka da ba ya zama wuri ɗaya. Baba yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka lafiyarsa ƙalau, amma ka san Baba, ko ƙafarsa ce ta gutsure haka zai ce.

Yaya, abin da ake ta faɗa a rediyo ya tabbata. An soke dokar, makarantar ƙetaren layin dogo ta zama ta kowa, farar fata da baƙa. Mu shida aka ɗauka daga unguwarmu, ni kaɗai ce mace. Ranar farko iyayen yaran farar fata suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ba wanda ya zage mu, kallo kawai, har na ji kamar na manta yadda ake tafiya. A aji an bar mini benci guda ni kaɗai. Ka ga ƙanwarka ta zama manya.

Ka tuna Zomo, 'yar Maigida mai shagon da Baba yake wa ɗinki? Wadda muke shiga ƙarƙashin teburin yanka tare muna yi wa 'yar tsana riga da ƙyallaye? Ajinmu ɗaya. Haƙoran nan suna nan yadda ka bar su. Na yi mata murmushi, sai ta sunkuya tana neman wani abu a jaka, har yau ba ta same shi ba. Amma da yamma in na kai wa Baba abinci ta ƙofar baya, sai ta leƙo ta ce, "Auta, kin gane lissafin nan?" Sai in nuna mata. Ban san ko haushinta nake ji ko tausayinta ba.

Rigar makarantata kuwa, kar ka so ka gani. Shagon Maigida kaɗai ke sayar da irinta, kuma har yanzu ba a gwada wa irinmu kaya a can, doka ko ba doka. Sai Baba ya sayo yadi a kasuwa ya ɗinka mini a gida ranar hutunsa. Shekara ashirin da uku yana ɗakin baya, ana miƙo masa awo a takarda ta 'yar taga, yana ɗinka wa yaran da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ya ce wannan ce rigar makaranta ta farko da ya ga mai ita tsaye a gabansa. Ya juya ni ya fi sau goma, har jiri ya ɗebe ni.

Ka rubuto, kar ka yi mana irin ta bara.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Takardarki ta yi sati uku tana jirana a tashar da muka tsaya. Na karanta wa abokan aikina maganar bencin, suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Ki zauna a tsakiyarsa ki baje littattafanki. In an kalle ki, ki kalli allo. Zomo kuwa, ki koya mata lissafin in kina so, amma kada ki jingina da ita. Ba mugunta ba ce da ita, tsoro ne, kuma mai tsoro ba ya riƙe kowa.

Na bar garin nan don na gaji da shiga ta ƙofar baya. Yanzu ga ni a ɗakin inji, su a sama suna shan iska, ni a ƙasa ina shan hayaƙi. To kin ga wayona. Ke ce kika shiga ta ƙofar gaba, ki tsaya da kyau.

Ki gaishe da Baba. Ki ce ya riƙa sa tabaraunsa.

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka. Ba zan ja gaisuwar ba, na yi ɓarna.

Ka san yadda Baba yake gama wuyan riga ta ciki da hannu, ƙananan ɗinki a jere kamar ƙayar kifi? Ashe duk ƙetare ana ce masa hannun Maigida. Wai gadonsa ne daga ubansa, wai shi ya sa rigunan shagon ba sa tsufa. Ni ban taɓa sanin haka ake faɗa ba.

Ranar Talata malamar ɗinki tana zagaya aji, sai ta tsaya a bayana ta juya wuyan rigata ba ko sallama. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ina kika samo wannan? Rigar wa kika ɗauke?"

Yaya, ɓarauniya fa take ce mini, a gaban mutum talatin. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malama, babana ne ya ɗinka. Ku juya wuyan naku ku gani, duk shi ya ɗinka. Maigida ko zare bai iya zura wa allura ba."

Suka kama juyawa, wannan na duba na wancan. Malama ta ce da Zomo, "Gaskiya ne?" Zomo, wadda Baba ya koya wa riƙe almakashi, ta fashe da kuka ta ce ba ta sani ba.

Kafin Juma'a iyaye sun mayar da riguna sun tara a kan kantar shagon, wasu daga bakin ƙofa suka jefa. Baba yana jin su ta 'yar taga. Wata ta ce shekara takwas ɗanta yana sa abin da irin wannan hannu ya shafa, ba ta sani ba. Shekara takwas ɗin yaron bai mutu ba, amma wa zan gaya wa?

Jiya Maigida ya tako har gidanmu, karo na farko tun da aka haife ni. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ƙi zama. Da faɗa ya yi da na fi jin daɗi. Cewa ya yi shi ma ba yadda zai yi. Ranar Litinin ta sama, a taron safe, in tsaya gaban makaranta in ce ƙarya na yi. In ce rigar tsohuwar ta Zomo ce aka ba ni taimako, Baba kuma shara yake yi a shagon. In na faɗa, iyayen za su dawo. In ban faɗa ba, zai rufe ɗakin baya ya riƙa sayo na kamfani.

Ka san ba shagon da zai ɗauki Baba yanzu, ga shekaru ga ido. A unguwarmu kuma teloli sun fi masu ɗinkin yawa.

Da ya tafi, Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Laifina ne, 'yar nan. Na yi niyyar in yi miki wuyan daban, ban ankara ba sai na ga na gama. Hannun bai iya wani ba." Na ce, "Baba, ai gaskiya na faɗa." Ya ce, "Gaskiya ce. Ki je ki janye ta. Magana ce kawai, ni na san abin da na ɗinka."

Yaya, tsoro nake ji. In na faɗa na ci amanarsa, in na ƙi na raba shi da keken ɗinkinsa. Duk inda na juya shi nake cuta. Ka gaya mini abin da zan yi, don Allah da wuri.

Auta

Auta,

Kada ki faɗa. Kin ji ko? Kada ki tsaya gaban 'ya'yansu ki mai da ubanmu mai shara. Shekara ashirin da uku suna sa guminsa suna yabon wani, rana ɗaya aka faɗi sunan mai aikin, sai kuma a ce ke za ki goge? In kin faɗa, ba ki da bakin ɗaga kai a makarantar nan har ki gama.

Na san abin da za ki ce. Ni ina tsakiyar ruwa, ba ni zan wayi gari in ga Baba zaune a tsakar gida ba aikin yi. Na nemi izinin sauka, an ce sai bayan wata huɗu. Takarda uku na rubuta na yaga kafin wannan, ɗaya a ciki cewa na yi ki faɗa. Ba ni da abin da zan ba ki sai bakina, shi ma daga nesa.

Duk da haka, kada ki faɗa.

Yayanki

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a kan ruwa.

Takardarka ta iso ranar Laraba. Abin an yi shi tun Litinin. Ni na raka ta har bakin shinge, na tsaya a waje. Ta faɗa duka, muryarta ba ta yi rawa ba. Shugaban makaranta ya yaba mata a kan ta gyara kuskurenta.

Iyayen sun karɓi rigunansu. Na koma kan keke. Maigida ya jingina tsintsiya a bakin ƙofar baya saboda masu wucewa.

Ƙanwarka tana zuwa makaranta, tana girki, tana gaishe ni safe da yamma. Amma sati biyu ke nan ba ta dubi fuskata ba. Na ce mata ba ta yi laifi ba, ni na sa ta. Ta ce, "To, Baba," ta tashi ta fita.

Ni na karɓi takardarka daga hannun mai rabon wasiƙa. Na buɗe na karanta, ban ba ta ba, ba kuma zan ba ta ba. Ka yafe mini. Kullum sai ta tambaya ko ka aiko.

Ka rubuto mata wata. Ka ce da kai ne, haka za ka yi. Na san ba gaskiya ba ne. Ka rubuta.

Mahaifinka