Ƙofar da Aka Bi da Ke

Zuwa ga Asabe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da ke inda kike kwance. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, sai dai ki juya ta sama da ƙasa ki ce kaji ne suka yi tsere a kanta. Bokon nawa kin san iyakarsa. Ajin yaƙi da jahilci na yi, aka yi yaƙin aka tashi, ni da jahilcin muka dawo gida tare.

Gida lafiya. 'Yarmu Talatu ta sauka, namiji, ya ɗebo hancina, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Ɗakinki yana yoyo ta kusurwar da kika yi ta yi mini magana, har yau ina shirin gyarawa. Ni kuma ina nan a masaƙa, gaban tukunyar tururi, ina gasuwa a hankali kamar yadda kika bar ni.

Zancen ɗanki ne ya sa na ɗauki biro. Na farin nake nufi, wanda kika rayu kika koma ba ki taɓa kama sunansa ba. Ni ma ba kamawa nake ba, Ofisa nake ce masa, tunda yanzu a ofishin kula da ma'aikata yake, da tebur da fanka. In na shiga sai ya miƙe ya ba ni kujera, ni kuma in ƙi zama don kada in shafa mata baƙin mai.

An kawo mana sabon manaja daga Ikko. Dogo ne, mai fara'a, yana gaida kowa da suna, har ni. Tun daga nan na fara zarginsa. Me babban mutum zai yi da sunan mai hura wuta? Bai daɗe ba ya ce yadi yana ɓacewa, kuma ta ƙofar baya yake fita, don haka yana tunanin a toshe ta. Tunani kawai yake, in ji shi. Ba zai yanke komai ba sai ya ji ta bakin duk wanda abin ya shafa. Wa aka ɗora wa aikin jin bakin? Ɗanki.

Kin san ƙofar, ko da yake ranar da kika bi ta ba ki gan ta ba. Masaƙar nan a kan tsohuwar hanyarmu ta zuwa maƙabarta aka gina ta. Da za a karɓi gonakin, dattawa suka ce sun yarda da komai ban da a raba su da matattunsu, masu kamfani suka ce a bi da gawa ta cikin fili, a shiga ta baya a fita ta gefe. Da baki aka yi, babu takarda. In an toshe, sai a zagaya ta titi, a bi bayan majema, a tsallake lambatun nan na ruwan jima a kan katako ɗaya. Da rani ma sai mai ƙarfin hanci. Da damina kuwa, mai rai da ƙafafunsa biyu yana tsoron wurin, balle wanda aka ɗauko a kafaɗa.

Ofisa ya yi aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tara direbobi ya ji nasu. Ya tara masu gadi. Ya zauna da 'yan ƙungiyar ƙwadago, waɗanda suka ce ba ruwansu da ƙofa muddin ba a taɓa awoyin aiki ba. Ya je har gindin darbejiya wajen tsofaffin nan masu sai da abinci, aka yi musu alkawarin rumfa a ƙofar gaba. Mai unguwa ma an kira shi, ya shiga da tsohuwar hula ya fito yana cewa ci gaba ba a tsayar da shi. Ƙaninsa ne mai buga bulo a Zawaciki, ban ce komai ba, na dai faɗa miki sana'ar ƙaninsa. Kowane zama kuma da lemo da biskit. Asabe, tun da nake kamfanin nan ko ruwan randa ba su taɓa ba ni kyauta ba. Ran da na ga lemo da sanyinsa na san akwai abin da za a karɓa a hannunmu.

Mutum ɗaya ne ba a kira ba, Malam Ilu mai haƙan kabari. Shi da masu ɗaukar makara da liman. Da baƙo ne ya manta da su, da na ce rashin sani ne. Amma ɗanki? Shi ne ya riƙe gaban makararki ta dama, ya ƙi bari a karɓe shi tun daga ƙofar baya har bakin rami. Yaya za a yi ya manta abin da ƙofar take yi?

Ana cikin haka na zagaya bayan ɗakin tukunya neman inuwa, sai ga bulo an jera, ga yashi, ga siminti an lulluɓe da tamfol. Na tambayi Buzun da ke gadin wajen, ya ce tun kafin a fara kiran mutane aka sauke su. To ki gaya mini, wane irin tunani ne ake saya masa siminti kafin a gama shi?

Da yamma Ofisa ya zo gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana da roƙo. Za a yi babban taro na ƙarshe, kowa da kowa, yana so in tashi in yi magana. Wai mutane suna jin maganata, in na buɗe baki ana dariya, zuciya ta yi sanyi. Na tambaye shi bulon na mene ne. Ya ce na sito ne, yana kallon tabarma. A nan na yi rashinki fiye da kullum. Ke da kallo ɗaya kike gane ko yaron nan gaskiya yake faɗa. Ni na ƙura masa ido har ya ji kunya, ban karanto komai ba sai gashin baki da ya fara ajiyewa, wanda bai yi masa kyau ba.

Na yi ta juya abin a raina. Manaja ne ya lura cewa ɗan gari ya fi iya rufe bakin 'yan gari, ya sa shi gaba? Shi kuma ya lura cewa ubansa wawan masaƙa ne, ya sa ni gaba? Wato manaja ya hau ɗa, ɗa ya hau uba, uban kuma ba shi da wanda zai hau sai kekensa mai faci. In na yi abin da ya roƙa, na sayar da hanyarki da barkwanci. In na ƙi, na tsinka shi a gaban mai ba shi albashi, a wannan zamani da ake sallamar mutane a Sharaɗa da Bompai kamar ana kakkaɓe buhu.

Ranar taro aka jera benci a fili. Manaja ya yi jawabi, Ofisa yana fassarawa, ya ce kowa ya yarda, saura albarkar dattawa. Aka ce in tashi. Wallahi na tashi da niyyar in ba da labarin jakin Malam Ilu in zauna. Amma bakina kin san shi, ba ya shawara da ni. Sai na ji ina cewa na gode da lemo, kuma ina da 'yar tambaya ta jahili. In na mutu, wane ofis zan je in karɓi takardar wucewa? Kuma in ta ƙofar gaba za a bi da ni, mai gadi zai kwance likkafani ya duba ko yadin kamfani ne? Aka fashe da dariya, har da masu gadi. Dariyar ta yi ta yi, sai ta mutu da kanta. Manaja ya juya wajen ɗanki yana jiran fassara. Na ɗauka zai tausasa ta, ya ce tsoho na wasa. Bai rage ko kalma ba. Ban jin Turanci sosai, amma na ji tsawon maganar, na kuma ga fuskar manajan.

Bayan nan Ofisa ya ɗauke ƙafa daga gidana. In mun haɗu a fili ya rusuna daga nesa ya wuce. Na ce shi ke nan, na tsare hanyar matacciya na rasa rayayye, kuma watakila hanyar ma ban tsare ba.

Bari in faɗa miki wani abu tunda ba za ki iya katse ni ba. Ranar da aka bi da ke ta filin nan, masu aikin safe suka fito suka tsaya a jere, wasu da auduga a gashinsu, aka rage ƙarar injuna har muka wuce. Babu wanda ya ba su umarni. Mutane sun ce na yi ƙarfin hali, har wasa na yi wa Malam Ilu a bakin kabari. Ba ƙarfin hali ba ne. In na rufe bakin nan wani abu ne zai fito, ni kuma ban iya shi ba. Tun daga ranar, duk safiya ta wannan ƙofa nake shiga aiki, ko da ta gaba ta fi kusa da sashenmu. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Kina raye ma ban taɓa ce miki ina jin daɗin dawowa gida in tarar da ke ba. Kullum sai dai in ce miyar ta yi gishiri.

Wata safiya ina zuba wa tukunya mai, na hango makara ta shigo fili. Na ce wa ya rasu ban ji ba? Ashe babu kowa a ciki. Malam Ilu ne a gaba, da majiya ƙarfi ɗauke da ita a kafaɗu, ga liman, ga manaja da hannu a baya, ga ɗanki riƙe da abin awo. Aka tsayar da makarar a bakin ƙofa, magini ya auna faɗinta da na mutanen da ke gefe da gefe, ya yi alama da gawayi. Bulon nan dai na katanga ne, sito ko harsashinsa ban gani ba. An tashi katanga, an bar ƙofar ƙarfe daidai makara da masu ɗaukarta. Keke da kwanon abinci sai ta gaba, ni ma yanzu ta can nake shiga.

Mutane suna ta yi mini barka, wai na yi nasara. Ni kuwa zargina ƙaruwa ya yi. Yaron nan ya san bakina tun yana goye. Ya kira ni in sanyaya taro ne, ko ya kira ni ne don ya san ba zan iya ba? Shi ba zai iya gaya wa manaja ka manta da matattu ba, ƙaramin ma'aikaci ne, amma zai iya fassara abin da tsoho ya faɗa a gaban jama'a. In haka ne, da ni aka yi aikin ba a sanar da ni ba, kuma wannan dabara ba a wajena ya gado ta ba. In kuma ba haka ba ne, to ya yi niyyar toshe hanyar uwarsa, kunya ce ta dawo da shi. Ya dawo gaishe ni, har da goro. Na buɗe baki zan tambaye shi, sai na ga ba kowace amsa zan iya ɗauka ba, na ce masa ya aske gashin bakin nan.

Abin da ya rage shi ne kwaɗo. An sa wa ƙofar kwaɗo, mabuɗin yana aljihun teburin Ofisa. In an yi rasuwa a aika masa, ya aiko a buɗe. Yau haka ne, don shi ne a kujerar. Ana raɗe-raɗin za a mai da shi reshen Bompai, manajan ma irinsu ba sa daɗewa. Wanda zai zo bayansu zai tarar da mabuɗi a aljihun tebur bai san na mene ne ba, kuma har yanzu ba a rubuta komai ba. Na ce a ba liman ɗaya, an ce ana duba maganar. Kin san abin da ake nufi in an ce ana dubawa.

Na roƙi Malam Ilu ya ajiye mini wuri kusa da ke, ya ce nan ba silima ba ce da ake kama kujera, inda layi ya kai nan ake sa mutum. Na haƙura da wannan. Hanyar dai nake so, in bi inda kika bi. In ranar ta zo kika ji hayaniya a bayan katanga, kika ji an daɗe ba a iso ba, kada ki ce halina ne na tsayawa hira a hanya. Muna bakin ƙofa ne, an tafi neman mabuɗi.

Allah ya kai haske kabarinki, ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki mai surutu,
Garba na gaban tukunya, Challawa