Ba a Ce In Fara Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da rundunarki baki ɗaya.

Kin ga abin da cikin nan ya mayar da ni, wai ni ce yau da rubuta wasiƙa. Likita ya ce jinina ba zai sauka ba muddin waya tana hannuna, shi ne ya sa maigidana Injiniya ya tafi da ita gida. Ga ni kwance sai ranar da Allah ya sauke ni lafiya, ba abin da nake kallo sai fanka da ledar ƙarin ruwa.

Maganar yarona ce ta hana ni sakat. Na gode da kika karɓe shi, amma don Allah ki riƙe min shi yadda na saba masa. Ranar Asabar ta sama za a gwada su a makarantar nan da nake nema masa tun yana rarrafe, kuma yara kaɗan suke ɗauka. Malamin karatu zai riƙa zuwa gidanki da safe, na lissafi da yamma. A tsakani akwai katunan haruffa a aljihun jakarsa. Kada ki bari ya zauna haka kawai, kuma kada ya shiga ƙasa.

Tagwayenki, kin san ina ƙaunarsu, amma sun girme shi ko sunansu ba sa rubutawa daidai. Nawa bai cika biyar ba yana karanta kwalin magani. Kar su ja min shi.

Ki gaida kowa da kowa.
Taki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarki ta iso, har da cin fuskar da kika naɗe a cikinta. Ya jikin? Allah ya raba lafiya.

Ɗanki yana nan ƙalau, yana ci yana barci. Tagwaye sun raɗa masa suna Furofesa, yana kuma amsawa. Amma Auta, na ga abin da ya ɗaure min kai, ba zan iya haɗiye shi ba.

Shekaranjiya malamin lissafi bai zo ba, wai babur ɗinsa ya lalace. Na ce, "Furofesa, yau ka huta, je ka yi wasa." Ya fita tsakar gida ya tsaya cak. Na gama wanke-wanke, na share kicin, na leƙo, yana nan inda na bar shi, hannuwa a baya. Da ya gan ni sai ya ce, "Inna, wane shafi?" Na ce shafin me? Ya ce, "Na wasan." Wallahi tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Akwai kwalin firijin nan da muka ajiye a bayan ƙofa. A wuni ɗaya Tagwaye sun mai da shi mota, sun mai da shi kanti, sun mai da shi asibiti har an yi wa kyanwa allura. Suka ce ya shigo mota za a tashi. Ya ce, "Ba daidai ba ne, wannan kwali ne." Ya waigo yana kallona, yana jira in ce ya ci.

Da na zo yi masa wanka na duba gwiwoyinsa. Sumul kamar ƙwai, ko tabo ɗaya babu. Yaro namiji! Ke da kike da tabo a haɓa daga faɗowa kan katangar gidanmu, ke ce kika haifi wannan? Ni dai tsoro ya kama ni, gara in faɗa miki.

Ki ci abinci, ki daina lissafi a kan gado.
Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki bar ba ni tsoro a kan abin da ba komai ba. Yaro ya ce kwali kwali ne, to ƙarya ya yi? Nutsuwa ce, ba ki saba ganinta a gidanki ba shi ya sa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasa ba inda za shi, amma gurbin makaranta idan ya wuce ya wuce.

Ranar Asabar ki sa masa farar rigar, ki fere masa fensir biyu. Ki tuna masa kada ya taɓa komai sai an ce ya fara.

Taki, Auta.

*

Zuwa ga iyayen yaro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na shugabar sashen ƙananan yara, game da zuwan ɗanku ranar Asabar.

Wataƙila ba a sanar da ku ba, amma ba ma yi wa yara masu wannan shekaru jarrabawar takarda. Ɗaki muke shigar da su, mai yashi da kwalaye da tsummoki da murafan tukwane, mu koma gefe mu zuba ido. Muna duba yadda yaro yake ƙirƙiro abin yi, yadda yake shiga cikin 'yan'uwansa, da abin da yake yi idan gininsa ya rushe ko aka ƙwace masa abu.

Ɗanku ya nemi kujera ya zauna, ya ajiye fensiransa a kan cinya, bai motsa ba har aka tashi. Wata yarinya ta kifa masa murfin tukunya a ka, ta ce shi ne soja. Bai cire ba, bai kuma yi dariya ba. Da na durƙusa na tambaye shi ko ba ya son kayan ne, ya ce, "Ba a ce in fara ba." Daga nan ya karanta mini duk abin da ke rubuce a jikin bango, ba kuskure ko ɗaya, ya tambaye ni nawa ya ci.

Na daɗe a wannan aiki, kuma ba zan ɓoye muku ba, jikina ya yi sanyi. Karatunsa ya wuce na ajin da yake nema. Amma ba za mu ɗauke shi a wannan zango ba. Ku dawo da shi zango mai zuwa. Kafin nan, shawarata ita ce a sakar masa mara.

Na gode. Ku huta lafiya.
Shugabar sashe.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Injiniya ya kawo min takardar makaranta, na karanta har sau uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yashi, Yaya? Murfin tukunya? Duk wahalar da na sha, duk barcin ranar da na hana yaron nan, a ce yaran da ba su san alif ba sun shiga shi an bar shi a waje? Nas ta auna ni ta fita da gudu ta kira likita.

Amma na yi tunani, ba a makara ba. Ki sa a nemo mana malamin da ya iya koyar da wasa. A cire lissafin yamma a sa shi a wurin. Ya koya masa ginin yashi da shiga kwali da dariya idan an kifa masa abu a ka. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, kafin zango ya zagayo zai haddace.

Taki, Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙa miki sauƙi, na jiki da na kai. Malamin wasa! Na karanta wa Baban yara, ya ƙware da shayi. Ni kuwa ban yi dariya ba.

Ban nemo kowa ba. Malaman ma biyu na sallame su, katunan na ɗora a kan kabad. Ki yi fushi, idan kin haihu kya rama.

Kwanakin farko abin tausayi ne. Yana bina ɗaki-ɗaki yana cewa, "Inna, yanzu me zan yi?" Ina cewa abin da ka ga dama. Ya yi kuka, ya zauna bakin rariya yana kallon tururuwa, ya sake kuka. Na daure, duk da zuciyata tana karyewa.

Jiya da hantsi Tagwaye suna makaranta, ina yankan farce a ɗaki, sai na ji muryarki a baranda. Na rantse miki na zabura, na ɗauka sallamo ki aka yi. Na ɗaga labule a hankali.

Ɗanki ne. Ya kwaso duk takalman gidan ya jera su layi-layi. Ya yafa ɗankwalina, ya tura filo a cikin riga, ya dafe ƙugu yadda kike yi. Yana zagaya su yana cewa, "Ku zauna daidai. Yanzu ba lokacin wasa ba ne. Wanda ya ci duka shi zan ɗauka in goya." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Takalmin Baban yara ya ci, ya rungume shi, ya ce, "Yawwa ɗan albarka." Silifas ɗina ya ci. Da ya zo kan ɗan ƙaramin takalminsa na ƙafar hagu, sai ya girgiza kai. Ya ce, "Kai ka faɗi. Kai ka sa Mama ciwo. Shi ya sa za ta sayo wani yaron." Ya ɗauke shi ya kai bayan ƙofa, ya juya fuskarsa bango.

Na saki labulen, na zauna a ƙasa. Ban san wa ya gaya masa bai samu makarantar ba, ni dai ban faɗa ba. Wannan ne wasan farko da ya ƙirƙira da kansa, ba wanda ya ce ya fara, kuma abin da ke cikinsa ke nan.

Daga baya ya fita ya tarar da Tagwaye sun dawo suna kwaɓa laka, ya tsoma hannu, har ya zame ya ƙuje gwiwa. Amma da za mu fita da yamma ya ƙi sa takalmin. Ya ce ba a yafe masa ba tukuna. Har yanzu yana bayan ƙofa, na rasa yadda zan yi.

Na yi ta shawara ko in ɓoye miki saboda jininki. Na ga idan na ɓoye na cuce ku duka biyu.

Yayarki.

*

Yaya,

Na gaishe ki.

Na roƙi likita, ya yarda a shigo min da yarona gobe. Kada ki yi masa wanka, kada ki canja masa riga, ina son in gan shi da lakarsa.

Ki taho da takalmin. Ki ce wa yarona takalmin nan Mama take son ta goya.

Auta.